IDAN FAMBEL NA MOTAR ƘUNGIYA YA SOMA KUKA

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu na ekklesiya suna da tsohuwar mota guda ɗaya, kamar a-kori-kura Peugeot 404 ko 504, irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko kuwa tsohuwar Land Rover. Ita ke ɗauko taki, ita ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ke kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Wani abu ƙarami yana iya tsayar da ita a daji, wato fambel.

Aikin fambel

Fambel shi ne bel ɗin roba da ke gaban inji. A irin waɗannan motoci yakan zagaya fuli uku: na inji a ƙasa, na famfon ruwa inda fanka take, da na altaneta, wato injin da ke cajin batir. Idan ya tsinke, batir ya daina samun caji, ruwa kuma ya daina zagayawa tsakanin inji da lagireto. Cikin mintoci kaɗan inji zai yi zafi, har gasket ya ƙone. Kuɗin bel kaɗan ne, amma gyaran injin da ya ƙone yana iya cinye ribar ƙungiya ta shekara guda.

Sauraron kukan

Kafin bel ya tsinke yakan yi gargaɗi. Idan kun ji ƙara mai tsini da safe lokacin tayar da mota, ko sa'ad da direba ya kunna manyan fitilu, ko ya taka totur, to, bel ɗin yana zamewa ne a kan fuli. Dalili shi ne, a lokacin nan altaneta tana aiki da ƙarfi, juya ta ya yi wuya, sakwarkwataccen bel kuwa ba ya iya riƙe ta. Amma idan ƙarar gurnani ce ko kamar ana niƙa tsakuwa, ba ta kuwa tsayawa, sai a yi zaton boris na altaneta ko na famfon ruwa.

Ga gwaji mai sauƙi. Inji yana aiki, a tsaya nesa kaɗan a yayyafa wa bel ruwa tsabtatacce. Idan ƙarar ta ƙaru, bel ya saki. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, bel ya tsufa ko fuli ba su daidaita ba. Idan ba ta sake ba ko kaɗan, laifin ba na bel ba ne. Mai wannan gwaji ya tuɓe babbar riga tukuna, ya kuma nisanta hannunsa da fanka.

Dubawa da hannu

Sai a kashe inji, a zare makulli, a duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, ɗauri. A danna bel da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1, kada ya wuce rabin inci.

Na biyu, jikin bel. Idan ya tsattsage, ko zarensa ya fito, ko gefensa yana ƙyalli kamar madubi, kwanansa ya ƙare. Ɗaure shi ba zai hana shi kuka ba.

Na uku, baƙin mai. Idan mai yana ɗiga a kan bel, roba za ta lalace. A gyara yoyon tukuna, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon.

Na huɗu, fuli. Bel yana kamawa ne da gefunansa biyu. Idan ƙasan ramin fuli yana ƙyalli, bel ya nutse har ƙasa ke nan, ko dai ya cinye, ko fulin ya cinye. A cire bel, a juya altaneta da famfon ruwa da hannu. Wanda ya yi ƙara ko yana girgiza, a kai wa makaniki.

Yadda ake ɗaurewa

A sassauta notin da altaneta ke juyawa a kai, da na sama da ke cikin dogon ramin ƙarfe. A sa guntun katako a tura altaneta waje a hankali, a ɗaure na sama, a gwada da yatsa, sa'an nan a ɗaure na ƙasa. Kada a ɗaure ya yi tsam kamar tsarkiyar baka, gama wannan shi ke kashe boris. Sabon bel yakan miƙe, saboda haka a sake duba shi bayan kwana biyu ko uku. Inda akwai ma'aunin wuta, lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Waɗansu yaran mota sukan shafa sabulu ko man birki don ƙarar ta yi shiru. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. Ƙarar za ta tafi, zamewar kuwa ta ƙaru.

Shawara ga shugabannin ƙungiya

Ma'aji ya sayi bel guda a ajiye cikin mota tare da sifana. Lambar girmansa tana rubuce a bayansa, in ta goge a tafi da tsohon wurin mai kayan gyara. Direba ya duba bel kowace Litinin sa'ad da yake duba ruwa da mai, musamman lokacin kaka da hunturu, sa'ad da ƙura ta yi yawa, mota kuma ba ta hutawa. Magatakarda ya rubuta ranar da aka sa sabo. A kuma gargaɗi direba cewa in jar fitilar batir ta kama yana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya buɗe gaban mota, ko da saura mil ɗaya ya isa gida.

Motar nan da gumin 'yan'uwa aka saye ta, har da gwauraye da suka ba da mudun dawa. Amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu aminci wajen riƙonta, ya kuma kiyaye direbobinmu a kan hanya. Amin.