Auren “gotik”: Baƙin da ya dace da jikin amarya da wanda zai cuce ta

 Idan kina yawan duba hotunan biki a Instagram ko Pinterest, da wuya a ce ba ki ci karo da amarya cikin doguwar baƙar riga ba, leɓe baƙi ƙirin, ido ya sha kwalli, zaure ya yi duhu sai hasken kyandir, hayaƙi yana bin ƙasa. Wannan shi ne salon da Turawa ke kira gotik. Masu shirya biki a Legas da Abuja sun iya kwaikwayon duk abin da aka nuna musu a waya, don haka wadda ta so irinsa za ta samu. Abin da nake so ki riƙe a yau guda ne: baƙin da ya tsaya a kan tufa da labule ba ruwansa da lafiyarki. Wanda zai shiga fatarki, ko idonki, ko cikinki, ko huhunki, shi ne za ki tsaya ki bincika tun kafin ranar.

Daga ina salon ya fito?

Sunan ya biyo ne ta wani tsarin gini da ya ɓulla a Faransa a ƙarni na 12, mai dogayen ƙofofi masu tsini da tagogin gilashi masu launi, irin cocin Notre-Dame na Paris. A 1764 marubucin Ingila Horace Walpole ya fitar da littafin da ake ɗauka shi ne farkon labaran gotik, wato labaran tsofaffin gidaje da fatalwa. A 1897 Bram Stoker ya fitar da Dracula, wanda wani sashensa ya faru a garin Witbi da ke gaɓar teku a arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1970 matasan Birtaniya masu bin wani salon kiɗa suka mayar da baƙaƙen kaya tambarinsu, kuma tun 1994 suke taruwa a Witbi ɗin.

Farar rigar amarya ma a can ta samu karɓuwa, bayan Sarauniya Biktoriya ta sa fari ranar aurenta a 1840. Ita ce kuma ta shiga baƙaƙen kaya da mijinta Yarima Albat ya rasu a 1861, ba ta cire ba har mutuwarta a 1901. Leshi baƙi da mayafin fuska da ake gani a auren gotik, yawancinsu daga kayan makokin wancan zamani aka aro su.

Wannan tarihi yana da amfani gare ki. A wurin maƙwabtanmu da dama a Kudu, baƙaƙen kaya na jana'iza ne, kuma akwai iyayen da ba za su zauna a zauren da aka jera ƙoƙon kan mutum da akwatin gawa ba. Ki nuna wa mahaifiyarki da uwar miji hotunan tun kafin a yanka yadi. Sau da yawa launin za su amince da shi, siffofin ne za su ƙi. Duhun launi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: marinar Ƙofar Mata a Kano ta daɗe tana fitar da shuni mai ƙyalli da ya kusa zama baƙi, Yarabawa kuma suna da saƙarsu mai duhu da suke kira etu.

Baƙin lalle: nan ne babban haɗarin

Lalle na gaskiya ba ya baƙi. Ganyensa yana ɗauke da wani sinadari mai suna loson, wanda ke ba da ruwan lemo da farko, ya koma ja mai duhu cikin kwana biyu, kuma sai ya yi awoyi a fata kafin ya kama. Ƙunshin da ya fito baƙi wuluk cikin rabin awa, wanda muke kira dayis, yawanci an zuba masa sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin gashi bayan an haɗa shi, kuma ba ta yarda a yi zane da shi a fata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta amince da shi a fata ba. Mai ƙunshi kuwa da cokali take kwaɓawa, ba ta da ma'auni.

Abin da ke rikita mutane shi ne jinkirinsa. Wadda ba ta taɓa yi ba tana iya kai mako ɗaya zuwa biyu kafin zanen ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya ɗuri ruwa daidai layin furen. Wadda jikinta ya riga ya san shi, kwana ɗaya zuwa uku ya isa. Ki lissafa da kanki: an yi ƙunshi ranar Laraba, ɗaurin aure Asabar. A baƙar fata irin tamu, ciwon yakan bar tabo mai duhu ko mai haske na tsawon watanni, wani ma ya tashi ya yi tudu.

Kuma jiki ba ya mantawa. Da zarar ya ƙi PPD, ya ƙi ke nan har abada. Ranar da kika rina gashi bayan shekaru, fuska da fatar kai za su iya kumbura. Wasu ma jikinsu yakan fara ƙin abubuwan da suka yi kama da shi, kamar benzoken da ke cikin wasu magungunan kashe zafin dasashi, da wasu rinin tufafi. “Ai na sha yi ban ga komai ba” ba hujja ba ce, domin kowane yi yana ƙara kusantar da ke ne. Gwaji a bayan kunne ma ba mafita ba ne a dayis, saboda gwajin kansa zai iya zama silar.

To me za ki yi? Jan lalle na gargajiya, idan aka yi shi kwana biyu kafin biki, yana ba da ja mai duhu da ya dace da baƙar riga ƙwarai. Idan sai baƙi, safar hannu ta leshi tana ba da irin zanen, ki cire ta bayan taro. Sai dai kada a shafa wa jarirai ko da jan lallen ne, domin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a tsakaninmu, lalle yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini.

Idan an riga an yi kuma ya fara ƙaiƙayi, ki wanke da ruwa da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki je wurin mai harhaɗa magunguna ya duba ko man haidrokotison da ƙwayar setirizin za su wadatar. Kada ki shafa man goge baki ko manja. Idan ya ɗuri ruwa, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye.

Ido da fuska

Kwallin dutse da muka gada yawanci dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba ta ido kaɗai take shiga ba: a murza ido, a kai hannu baki. Amarya tana iya ɗaukar ciki cikin watannin farko, dalma kuma tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ki sayi fensirin ido mai lambar NAFDAC, naki na kanki, ki ba mai kwalliya ta yi miki da shi. Buroshin da ya zaga idanun ƙawaye goma yana iya kawo miki ciwon ido ana gobe biki.

Akwai kuma gilashin roba mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido don ta koma ja ko fari. A Amurka tun 2005 doka ta sa shi cikin kayan asibiti, ko da na ado ne, sai da awon likitan ido. Wanda bai dace da girman idonki ba yana kankare fatar gaban ido, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, wasunsu kuma suna iya lalata gani cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan dole ne, ki je a auna ki wata guda kafin biki. Kada ki wanke shi da ruwan famfo, kada ki kwana da shi, kada ki ari na wata.

Hotunan gotik suna nuna fuska fara fat, kuma matan Turai na da sun biya wannan da tsada, lokacin da suke shafa farar hodar dalma tana cinye musu fata. Kada ki maimaita kuskurensu da man bilicin. Haɗin da ake sayar wa amare na “sati biyu” yakan ƙunshi haidrokwinon, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin kulobetasol, ko ma makuri mai lalata ƙoda. Baƙin jambaki da jan da ya yi duhu suna zama daram a fatarmu yadda take.

Abin da za a ci a sha

Baƙin kek da baƙin lemo suna cikin alamomin wannan biki, kuma wasu masu girki da garin gawayi na magani suke samar da launin. Mu a asibiti da shi muke tare guba, saboda yana kama ƙwaya a hanji ya hana ta shiga jini. Bai san bambancin guba da magani ba. Cikin baƙinki akwai mai shan maganin hawan jini, da mai na farfaɗiya, da mai ƙwayar tazarar haihuwa, ba kuwa za su gaya miki ba. Birnin New York ya hana sa shi a abinci da abin sha tun 2018. Ki ce a yi kek ɗin da baƙin garin koko. Jan abin sha kuwa ga zoɓo a gida. Furen ado ma kada ya taɓa abinci sai an san sunansa, domin farin furen kala lili da masu wannan salo ke so yana ƙona baki idan yaro ya tauna.

Riga, wuta da hayaƙi

An ƙirƙiri wannan ado ne a ƙasar sanyi. Karammiski baƙi da koset mai ɗaure ƙirji a zafin Maris na Abuja ko gumin Legas, ga amarya ba ta ci abin kirki ba tun safe, jiri ne zai biyo baya. Ki gwada rigar na awa biyu a gida, ki zauna ki tashi da ita. Idan ba ki iya jan numfashi har ƙasa, a sassauta. Ki ci abinci, ki sha ruwa.

Kyandir da dogon mayafi ba sa shiri, musamman yadin roba da ke narkewa ya manne a fata. Akwai kyandir na batir da ba a bambanta shi a hoto. Kada ki yarda a kunna tartsatsin wuta a cikin zaure: a Satumban 2023, a garin Hamdaniya na Iraƙi, irin wannan wuta ta kama rufin zauren biki, mutum fiye da 100 suka mutu. Ki taka da ƙafarki ki ga ƙofofin fita, ki tabbatar labulen ado bai rufe su ba.

Hayaƙin da ke bin ƙasa yawanci daga busasshiyar ƙanƙara yake, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona hannu, kuma kilo ɗaya yana sakin iska fiye da lita 500. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwanciya, inda yara ke zaune. A Fabrairun 2020 mutum uku suka mutu a wata liyafa a Mosko bayan an zuba ta a tafkin wanka cikin rufaffen wuri. A yi amfani da kaɗan, ƙofofi a buɗe, yara a nesa, masu asma kuma a sanar da su su zo da abin shaƙarsu.

Yadda za ki tsara lokaci

Saura wata biyu, ki zauna da iyaye a kan launi da kayan ado. Saura wata guda, awon ido da sayen kayan kwalliyarki. Saura mako biyu, a yi miki kwalliyar gwaji ki wuni da ita, kuma daga nan kada ki ƙara sabon mai ko sabulu. Idan za ki rina gashi, ki bi gwajin awa 48 da ke jikin kwalin. Idan kuwa dayis ya taɓa tayar miki da fata, ki bar rinin gaba ɗaya. Saura kwana biyu, jan lalle. Ki kuma tambayi mai ƙunshi, da mai kek, da mai ado tambaya ɗaya: me kika zuba ya yi baƙi? Wadda ta kasa nuna miki kwalin, ki nemi wata.

Allah Ya ba amare da angwaye zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sai mako mai zuwa.