Lalle, shingen garka mai ƙamshi

Mai garka da ke neman itace marar wahala, ya shibka lalle. Ba sai da iri ba. Ana yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu guda, a kafa rabinsa cikin ƙasa da farkon damana. A ranin farko yana son ban ruwa, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ya kama, yana jure fari.

Furanninsa ƙanana ne, farare, ƙamshinsu yana cika garka. Amma kuɗin yana ga ganye. Nan ne wasu ke yin asara: sukan shanya shi cikin rana, ya koɗe, mata su raina shi a kasuwa. A inuwa ake shanya lalle, ya bushe kore shar.