Kuka da Ɗorawa: Itatuwa Biyu a Tukunya Ɗaya

Duk gidan da aka kaɗa miyar kuka da daddawa, itatuwa biyu ne suka haɗu a tukunyar, kuma da wuya a samu wanda zai ce shi ya dasa ko da ɗaya daga cikinsu. Gadonsu muka yi, muna ci ba tare da tunanin ranar da za su ƙare ba.

Kuka itace ce mai ban al'ajabi. Gangar jikinta na tara ruwa, shi ya sa take tsallake rani ba tare da ko ganye ɗaya a kanta ba. Furenta fari da dare yake buɗewa, jemagu ne ke kai masa ziyara su kwashi ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, sannan ƙwame ya fito. Farin garin da ke lulluɓe da guntsu a cikin ƙwamen ya fi lemu yawan bitamin C nesa ba kusa ba, har Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a kasuwanninta a 2008. Ganyen kuwa yana da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da na ƙarfe mai ƙara jini. Matan da suka san aikin a inuwa suke shanya shi, domin rana tana ƙone korensa ta rage masa amfani. Kuka tana daɗewa ƙwarai: a Zimbabwe an taɓa samun wadda masana suka kiyasta shekarunta sun haura 2,400.

Ɗorawa ita ma babu abin yarwa a jikinta. Garinta mai ruwan ɗorawa yara ke sha, makuba a yi daɓe da ita, kalwa kuma ta zama daddawa. Aikin ba ƙarami ba ne. Sai an dafa kalwar awanni masu yawa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku. A wannan rufin ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke narkar da ƙwayar, su fitar da ƙamshin nan da ake jiyowa tun daga zaure. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalwa furotin ne, abin da dunƙulen kanti ba zai ba da ba. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Abin damuwa shi ne tsofaffin na faɗuwa, ƙananan ba sa tasowa. Masu gawayi na sare ɗorawa, awaki na cinye tsiron kuka, yawan sassake ganye kuma na hana ta 'ya'ya. Amma akwai mafita. A yankin Maradi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, kuma ta haka aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar.

Don haka, manomi, in ka ga tsiron kuka ko ɗorawa a gonarka bana, ka kewaye shi da ƙaya, ka bar shi ya tashi. Jikokinka ne za su sha miyarsa.