Wasanni da motsa jiki a Tawa: kowane lokaci da irin nasa

Motsa jiki ba sai mai kuɗi ba. A birnin Tawa da garuruwan Adar kamar Kalfu, yawancin wasannin da mutane suka gada ba su bukatar komai sai fili da abokan wasa. Abin da ya kamata a sani shi ne wane wasa ya dace da wane lokaci na shekara, domin wasan da yake ƙara lafiya cikin sanyi yana iya kayar da mutum cikin zafi.

Me ya sa ake bukatar motsa jiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara cewa babban mutum ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana biyar. Yara masu shekara 5 zuwa 17 kuwa suna bukatar minti 60 kowace rana. Yin haka yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Manomi da mai ɗiban ruwa suna samun rabonsu cikin aiki. Amma tela da mai shago da ɗan kabu-kabu, waɗanda suke wuni a zaune, sai sun ware lokaci.

Kaka: lokacin kokowa

Idan aka kai hatsi rumbu, a watannin Oktoba da Nuwamba, ciki ya cika kuma aikin gona ya ragu. Tun kaka da kakanni wannan ne lokacin kokowa: gari yana gayyatar gari, makaɗa suna kiɗa, samari suna gwada ƙarfi a kan rairayi. Tawa tana da babban matsayi a tarihin wannan wasa, domin a nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya cinye. Gasar tana zagaya jihohi takwas na Nijar, kowace jiha tana kawo ƴan kokowa goma, wanda ya yi nasara kuma ya ɗauki takobi. Filin kokowa na Tawa yana ɗauke da sunan Hamidin Maidare.

Kokowar unguwa ba ta cin kuɗi, amma tana da ƙa'ida. A tsince duwatsu da ƙayoyi daga fili, domin ƙasar Adar mai duwatsu ce. A haɗa yaro da sa'ansa, kuma a sami babba mai raba su.

Dari: lokacin ƙwallo da langa

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗawa, rana ba ta da zafi sosai. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da wasannin gudu. Ƙwallo guda tana isar samari ashirin. Ƴan fada ɗaya suna iya yin karo-karo su saya, duwatsu biyu kuma su zama gola. Langa ba ta bukatar ko da ƙwallo: ɗan wasa yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana ƙoƙarin ture abokin hamayya. Tana ƙarfafa ƙafafu, tana koya wa yaro daidaita jiki. Ƴan mata kuma suna da gaɗa da tsallen igiya.

Matsalar wannan lokaci ita ce ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari, mai tari da mai ciwon asma su huta. Daga wannan lokaci har zuwa faɗuwar ruwa ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa. Wanda ya sami zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a kai shi gidan likita nan take.

Bazara: a bi sa'a

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Tawa yakan wuce digiri 40. Ba a daina motsa jiki ba, sai dai a sauya sa'a. A yi tafiya ko gudu bayan sallar asuba, ko kuma dab da magariba. A sha ruwa kafin wasa da bayansa, kada a jira ƙishirwa. Idan azumi ya faɗo cikin zafi, a bari sai bayan buɗa baki.

Alamun da suke nuna zafi ya yi wa mutum illa su ne jiri da ciwon kai da amai da ruɗewa. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya ruɗe ko ya suma, a gaggauta kai shi gidan likita.

Da tsakar rana, dara ita ce wasan inuwa. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar masu gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da kara. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokinsa guda.

Damina: a kula da ruwa

Daga Yuni zuwa Satumba yawancin mutane suna gona, filaye da yawa kuma an shuka su. Tabkuna suna cika, kamar na Babaye a cikin Tawa da na Tabalak a kan hanyar Agadas. Zama a bakin ruwa da yamma hutu ne na kyauta, amma wanka a ruwan da yake kwance yana iya jawo tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini. Kada a bar yara su shiga tabki ko gebe ba tare da babba ba, kada kuma a tsallaka ƙorama lokacin da ruwa yake gudu. Idan ana tsawa, a bar fili, kada a fake ƙarƙashin itace. A tashi wasa kafin duhu saboda sauro.

Abin da unguwa za ta iya yi

A zamanin samariya, matasa ne suke share dandali su shirya wasa da kansu. Yau ma fada ko ƙungiyar mata tana iya yin haka:

1. A nemi izinin mai unguwa ko shugaban makaranta don amfani da fili bayan an tashi karatu.
2. A ware wa mata da ƴan mata ranarsu ko sa'arsu.
3. A ajiye tulun ruwa mai tsabta a bakin fili.
4. A dasa itatuwa a gefe tun farkon damina, a kewaye su saboda awaki.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su fara. Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba ya fara da tafiyar minti goma, yana ƙarawa kowane mako.