Ɗaukar Nauyin Taron Agaji Ciniki Ne, a Bayyana Farashinsa

Duk shekara dubun-dubatar mutane kan shiga gudun fanfalaki na birnin Landan, da yawansu don tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi. Daga 1981 da aka fara tseren zuwa yau, abin da aka tara ya haura fam biliyan ɗaya. Sai dai sunan da ke manne a ƙirjin masu gudun na kamfani ne: Gillette ya buɗe fage, daga baya Flora da Virgin Money suka karɓa, yanzu kuma TCS na Indiya. Abin da kamfanonin nan ke saye shi ne idon jama'a da kyakkyawan zatonsu. Wannan ciniki ne, kuma ciniki mai amfani, muddin an kira shi da sunansa, an kuma bayyana farashinsa.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke rububin wannan hanya a fili yake. Mutum kan kau da kai daga tallan da ya katse masa shiri a rediyo, amma yakan riƙe sunan wanda ya gani tsaye a kan abin da ya dame shi. A 1983 kamfanin American Express ya yi alkawarin ba da senti ɗaya duk lokacin da aka yi sayayya da katinsa, da dala ɗaya kan kowane sabon kati, don gyaran mutum-mutumin 'yanci na New York. Cikin wata uku aka tara dala miliyan 1.7, amfani da katin kuma ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari. Aikin gyara ya samu, kamfani ya samu.

Wani zai ce ai wannan riya ce, tunda mafificiyar sadaka ita ce wadda aka ɓoye. Gaskiya ne ga mutumin da ke neman lada. Amma kuɗin da kamfani ke kashewa a irin wannan taro daga kason talla yake fitowa, kuma da ba a kai shi can ba, allunan bakin titi da gidajen talabijin za su cinye shi. Idan har za a kashe shi, gara ya biya ta asibiti ko makarantar marayu. Laifin yana farawa ne lokacin da aka sa wa tallan rigar sadaka, aka bar jama'a na zaton kyauta ce tsantsa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kamfani na iya fakewa da taron agaji don wanke sunansa. A 2010 KFC ya sayar da soyayyun kaji cikin bokitai ruwan hoda a Amurka, yana ba gidauniyar Susan G. Komen mai yaƙi da sankarar mama senti 50 kan kowane bokiti. An tara miliyoyin daloli, amma masu fafutukar kiwon lafiya suka yi ca, domin ƙiba na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar. Mutuncin da gidauniya ta yi shekaru tana ginawa shi ne hajarta, kuma bai kamata ta sayar da shi ga wanda sana'arsa ke cin karo da manufarta ba.

Lamarin ya shafe mu, domin da azumi ya kama bankuna da kamfanonin sadarwa da na abinci kan ɗauki nauyin buɗe-baki da rabon kayan masarufi, tambarinsu a jikin kowane buhu. Babu dalilin korar su. Abin da ya wajaba a kan masu shirya taro shi ne yarjejeniya a rubuce, wadda za ta faɗi nawa kamfani ya bayar, nawa aka kashe a rumfuna da riguna da 'yan jarida, nawa ya isa hannun mabukata, sannan a sanar da jama'a bayan an tashi. Kamfanin da ya yarda da wannan ya cancanci yabon da ya zo nema. Wanda ya ƙi kuwa, yana so ne ya yi talla da fuskokin talakawa ba tare da ya biya su haƙƙinsu ba.