Ilimin da Aka Kulle a Akwati

Malamanmu na da ba su karɓar riwaya sai an zo da isnadinta, domin duk mai shakka ya bi sawun maruwaita ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar da ingancinta da kansa. Binciken likitanci kuwa, wanda a kansa ake yanke awon maganin da za a ɗura wa jariri, ya fi cancantar wannan tsanani. Amma al'adar da aka daɗe a kai ita ce, mai bincike ya buga taƙaitaccen sakamako a mujalla, ya kulle ainihin bayanan majinyatan da ya auna, har ya zamana babu mai ikon sake lissafin ya ga ko zai fito daidai.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa hujja. A shekarar 2009 aka kafa ƙungiyar WWARN, mai mazauni a Jami'ar Oxford, don tattara irin waɗannan bayanai bayan an shafe sunayen masu su. Da aka haɗa na mutum fiye da 7,000 daga bincike 26, sai ta bayyana cewa ƙananan yara da ake ba maganin dihydroartemisinin-piperaquine ba su samun awon da ya ishe su, shi ya sa zazzaɓin ke komo musu, al'amarin da ya ɓuya muddin kowane malami na riƙe da nasa kaso. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara awon ga yaran da nauyinsu bai kai kilo 25 ba.

Sai dai buɗe bayanai ba ya ɗorewa in babu adalci. A Nuwamban 2021, sa'ad da masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona da aka raɗa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da jinkiri ba, tukuicin da suka samu shi ne Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka rufe wa matafiyan ƙasashen biyu ƙofa. Wanda aka yi wa haka, da wane ƙarfin zuciya zai sake fitar da abin da ya gano?

A ganina, bayanan nan amana ce ta majinyatan da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu. Wajibi ne jami'o'inmu da masu ba da kuɗin bincike su shardanta buɗe su, a kiyaye sirrin majinyaci, a ambaci sunan likitan da ya tattara, kuma maganin da aka samu ya iso garin da aka ɗebi jinin.