Idan Injin Kwale-kwale Ya Ƙi Tashi

Injin da ake maƙala wa kwale-kwale a baya, irin wanda masunta da masu fito ke aiki da shi a Yawuri, Baga da sauran tashoshin ruwa, yana buƙatar abu huɗu kafin ya tashi: mai, iska, tartsatsin wuta, da matsin da fistin ke yi a cikin silinda. Idan ɗaya ya ɓace, ko an kwana ana jan igiya ba zai amsa ba. Mafi yawan injinan da ake gani a waɗannan wurare, kamar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, masu bugu biyu ne, wato waɗanda ake haɗa musu fetur da man inji a tanki ɗaya. Gininsu mai sauƙi ne, kuma sau da yawa abin da ya hana su tashi bai kai a kira makanike ba. Shi ya sa ake fara bincike daga abin da ido ke gani kafin a ɗauko sufana.

Abu na farko shi ne maɓallin kashe inji. Akwai ɗan maƙalin roba da ke ɗaure da jar igiya, wadda direba ke ɗaurawa a hannu domin injin ya mutu idan ya faɗa ruwa. Muddin maƙalin bai zauna daidai ba, wuta ba za ta kai fulogi ba. Haka nan giya: dole ta kasance a firi, domin injina da dama an yi su ne ta yadda igiyar tayarwa ba za ta jawu ba, ko sitata ba za ta juya ba, idan giya na ciki.

Daga nan sai mai, inda matsala ta fi yawa. A saman murfin tanki akwai 'yar ƙusar iska. Idan a rufe take, tankin ba ya shaƙar iska, fetur kuwa ba zai fito ba. A tsakiyar tiyon mai akwai robar da ake matsawa da hannu don tura fetur zuwa kafireta. Ana matsa ta har sai ta yi tauri. Idan ta ƙi yin tauri, ko dai tanki ba kowa, ko tiyo ya tsage yana jan iska, ko kuma bakin da ke haɗa tiyo da inji bai kama ba. Jikin robar yana da alamar kibiya, wadda ya kamata ta fuskanci inji. Wanda ya juya ta ya toshe hanyar mai da hannunsa.

Ingancin fetur ɗin kansa ma abin dubawa ne, musamman a bakin ruwa inda gidan mai ke da nisa, ake saye a jarka wajen 'yan bumburutu. Ruwan da ya shiga fetur ya fi shi nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. Idan aka tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske aka bar shi ya natsa, ruwan zai ware a ƙasa. Fetur da ya yi watanni a ajiye kuma yana barin danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireta, abin da kan faru ga injin da aka jingine tsawon lokacin da ruwa ya janye. Maganinsa a zubar da tsohon mai, a wanke filta, a kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta a tsiyaye abin da ke ciki. Wajen haɗin mai, ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji, wato rabin lita a lita 25, sai dai in kamfanin ya faɗi wani ma'auni daban. Masu zuba man inji fiye da kima, wai don injin ya daɗe, suna jawo wa fulogi baƙin kunkunniya ne kawai.

Cok yana taimakon inji mai sanyi, amma yawan jan igiya alhali cok na rufe yana sa fetur ya cika silinda. Warin fetur mai ƙarfi da jiƙaƙƙen fulogi ne alamar hakan. Sai a mayar da cok, a buɗe totur sosai giya na firi, a ja igiya sau da yawa har rarar man ta fita, a kuma rage totur da zarar ya kama.

Fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Idan aka kwance shi aka same shi a bushe ƙarau bayan an yi ta ja, mai ne bai iso ba. Idan a jiƙe yake, mai ya iso amma bai ƙone ba, sai a gwada wuta: a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zube, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi lafiya ce. Ja-ja mai rauni, ko babu ko kaɗan, yana nufin a sa sabon fulogi. In hakan bai yi ba, laifin na koyil ne, ko waya, ko akwatin CDI mai sarrafa wutar.

Injin da ke tashi da makulli yana da ƙarin abin dubawa. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin bolt 12.6. Idan aka murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, galibi batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. In ba a ji komai ba, a duba fiyus.

Idan mai da wuta duk lafiya, saura matsi. Igiyar da ke jawuwa sakwa-sakwa, ba tare da turjiya ba, alama ce ta ringi ko fistin sun ci. Makanike yana auna kowace silinda da ma'auni, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakanin silinda biyu yana nufin a buɗe inji. Igiyar da ta ƙi motsi gaba ɗaya alhali giya na firi kuwa, ba a tilasta mata: ko injin ya kama ne saboda rashin man inji, ko ruwa ya shiga silinda, kamar yadda kan faru idan kwale-kwale ya kife. In ruwa ne, a cire fulogi, a juya injin a hankali ruwan ya fita, a zuba man inji, a tayar da shi tun a ranar kafin tsatsa ta kama.

Duk wannan gwaji ana yin sa ne ƙafar injin na cikin ruwa, ko a kogi ko a cikin duro. Famfon da ke sanyaya inji yana da fuka-fukan roba waɗanda kan ƙone cikin 'yan daƙiƙu idan suka juya a bushe. Da zarar injin ya tashi, a dubi siririn ruwan da ke tsartowa ta bayansa. In bai fito ba, a kashe shi nan take.